Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Kebbi Kan Tsofaffinmu Masu Gigin Tsufa

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kebbi, Dakta Nasir Idris, Kauran Gwandu.

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, Allah ya taya ka riƙo, ya ƙara lafiya. Ka gafarce ni da gajeruwar gaisuwa, maganar da ke tafe da ni ba ta son jan lokaci.

Kukana ɗaya ne. A jihar nan, idan tsoho ya fara ruɗewa, ya manta hanyar gidansa, ya kasa gane 'ya'yan da ya haifa, iyalinsa ba su da wata ƙofa a asibitin ƙaramar hukumarsu da za su shiga a duba shi yadda ya kamata. Za su yanki kati, su bi layi tun da safe, idan aka zo kansu a kalli dattijon sama da ƙasa a ce, "Ai tsufa ne, sai haƙuri." Wani lokaci a haɗa musu da ƙwayar barci. Wanda ya dace da ma'aikaci mai tausayi shi ne za a ce wa ya gwada Birnin Kebbi, ko ya wuce asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ta jihar Sakkwato. Daga nan sai su koma da shi gida su ja ƙofa, abin da ya biyo baya ya zama tsakaninsu da Allah. Ka tambayi duk wanda ya taɓa jinyar irin wannan tsoho a garuruwanmu, abin da zai faɗa maka ke nan.

Ranka shi daɗe, wannan ba tsufa ba ne kawai. Ni da kai mun san dattijai masu shekara 80 da 90 da har gobe suke tuna iyakar gonar kakanninsu, suke lissafa jikokinsu ɗaya bayan ɗaya, ake zuwa wurinsu idan rabon gado ya rikice. Tsufa yana rage ƙarfin gwiwa, yana rage gani, yana sa mutum ya ɗan laluba kafin ya tuno suna. Amma ba ya sa mutum ya dubi matar da suka yi shekara 50 tare ya tambaye ta wa ya ba ta izinin shigowa ɗakinsa. Wannan cuta ce ta ƙwaƙwalwa, kuma likitoci sun san ta. Mafi yawanta irin da ake kira Alzaima ce, wadda aka sa wa sunan likitan Jamus da ya fara bayyana ta a 1906. Wani kaso kuma daga lalacewar jijiyoyin jini na kai yake zuwa, wato aikin hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki, cututtukan da suka cika gidajenmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu fama da ita sun haura miliyan 55, kusan miliyan 10 ke ƙaruwa duk shekara, kuma sama da kashi 60 cikin 100 nasu a ƙasashe irin namu suke, ba a Turai ba. Tana cikin manyan cututtuka goma da suka fi kashe mutane a duniya. Masana na jami'ar Ibadan sun fara bin diddiginta a tsakanin tsofaffin Najeriya tun farkon shekarun 1990. Saboda haka ba baƙuwa ba ce, kuma babu wata katanga da ta hana ta shigowa Kebbi. Tana nan a Argungu da Yauri da Zuru da Gwandu, a ɗakunan da ke ƙuryar gida, inda ba a kai baƙo.

Mahaifina na cikinsu. Malamin firamare ne, ya koyar har ya zama hedimasta, ya ajiye aiki da mutuncinsa. Abin ya fara masa ne da rikicewar raka'o'i a salla, mutumin da ya sha jan jam'i a masallacin unguwa. Sai maimaita tambaya ɗaya har mai amsawa ya gaji. Sai ya ɓoye kuɗi a ƙarƙashin tabarma ya manta, ya ce jikarsa ce ta ɗauka, yarinyar da ya fi ƙauna a gidan, ta yini tana kuka. Daga baya ya koma tashi kafin asuba, ya sa riga da hula, ya ce zai makara buga ƙararrawa, alhali makarantar ya bar ta tun ina saurayi. Wata rana masunta ne suka riƙo hannunsa daga bakin gulbi suka kawo mana shi. Da muka kai shi wani asibitin gwamnati, ba a auna jininsa ba, ba a auna suga ba, ba a tambaye mu yaushe abin ya fara ba, ba a tambayi irin magungunan da yake sha ba. An ce tsufa ne. Ban riƙe ma'aikacin a zuciya ba, don na ga shi kaɗai ne a ɗakin, layi har bakin ƙofa, kuma na tabbata babu wanda ya taɓa koya masa abin da zai nema a jikin irin wannan majinyaci. Muka koma gida muka shiga abin da kowa ke shiga: tofi, rubutu, hayaƙi, wannan ya ce iska ce, wancan ya ce jifa ne daga wani tsohon abokin aiki. Awaki suka ƙare. Sai bayan an daɗe wani likita a wata jiha ya zauna da mu, ya auna, ya yi tambayoyi, ya ce hawan jini ne ya daɗe yana ɓarna a kansa ba tare da an sani ba. Na'urar da ya fara ganowa da ita irin wadda ake sayarwa a kemis ce.

Na kawo maka labarinsa ne don na san ba baƙon malamai ba ne kai. Ka shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa baki ɗaya kafin Allah ya ba ka wannan kujera. Mutane irin mahaifina su ne suka biya kuɗin ƙungiya wata bayan wata, su ne suka tsaya a rana ranar zanga-zanga, kuma 'ya'yansu da ɗalibansu su ne suka yi layi a 2023 suna cewa namu ne ya fito, malami ne, zai san zafinmu. To ga zafin nan na kawo maka.

Abin da ya fi ƙona mini rai a kalmar nan ta "sai haƙuri" shi ne tana kashe har waɗanda za a iya ceta. Ba duk tsohon da ya ruɗe ne ke da cutar da ba ta warkewa ba. Tsoho na iya rikicewa cikin kwana biyu saboda zazzaɓin cizon sauro, ko ciwon sanyin mafitsara, ko fitsari ya riƙe masa, ko suga ya faɗi, ko ruwan jikinsa ya ƙare a zafin Afrilu, kuma ka san zafin Kebbi. Irin wannan idan aka gano aka yi magani, sai ka ga mutum ya dawo hayyacinsa. Wani kuma ƙarancin sinadarin B12 ne, wani matsalar maƙoƙo ce, wani baƙin ciki ne ya danne shi bayan mutuwar abokin zama, wani kawai kunne ne ya toshe, ana yi masa magana ba ya ji sai a ce ya ruɗe. Duk waɗannan ana maganinsu. Amma ta yaya za a bambance su idan ba a duba ba? Duk ranar da aka sallami tsoho daga asibiti ba tare da awo ba, an haɗa mai warkewa da wanda ba ya warkewa an yanke musu hukunci ɗaya.

Ko shi wanda cutarsa ba ta warkewa, ba a rasa abin yi masa ba. Akwai magunguna irin su donefezil da ke ɗan sassauta alamomin ga wasu na wani lokaci. Fiye da magani ma, akwai bayani. Da wani ya zaunar da mu tun farko ya ce kada ku yi gardama da shi, idan ya ce za shi makaranta ku ce yau hutu ne ku kawo masa koko. Ku kawar da wuƙa da ashana da maganin ƙwari. Ku sa masa takarda mai lambar waya a aljihu. Ku sanar da maƙwabta da masu shago. Ku sani ba ƙiyayya ce ta sa yake zargin jikarsa ba, ciwo ne. Da an rage mana rabin wahalar da muka sha, kuma da an rage masa tsawar da ya sha daga mutanen da ke ƙaunarsa. Wannan bayanin ba ya buƙatar injin miliyoyi. Yana buƙatar ma'aikaci ɗaya da ya san shi, da minti 20 na zama. Da yake babu mai yin bayanin, iyalai sai su nufi kemis su sayo ƙwayar barci su riƙa ɗura wa tsoho don gida ya samu ya runtsa. Ƙwayar nan tana ƙara masa ruɗewa, tana sa shi jiri, ya faɗi a hanyar bayan gida ƙugu ya karye, kuma tsohon da ƙugunsa ya karye a ƙauye da wuya ya sake tashi. Wasu kuma, da abin ya fi ƙarfinsu, sai kwaɗo a ƙofa, wani har da igiya a ƙafa. Ina rubuta wannan ne zuciyata na ƙuna, domin na san masu yin haka ba mugaye ba ne. Mutane ne da aka bari su kaɗai.

A ce wa talaka ya tafi Kware kuma, ranka shi daɗe, kusan daidai yake da a ce masa ya haƙura. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke can yana aikinsa, amma ka duba hanyar wanda zai taso daga Yauri: Koko, Jega, Tambuwal, Sakkwato, sannan ya sake neman mota zuwa Kware, da tsohon da ba ya iya zama wuri ɗaya, ba ya riƙe fitsari, yana ƙoƙarin buɗe ƙofar mota tana tafiya. Dole mutum biyu su raka shi, dole a kwana, dole a dawo bayan wata guda, da kuɗin mota na bayan cire tallafin fetur. Na Sakaba da Danko-Wasagu ga matsalar tsaron hanya a kan ta kuɗi. Sannan ga abin da ba a faɗa a fili: a wurin mutanenmu, kai uba Kware tamkar shelanta wa gari ne cewa ya haukace, kuma akwai 'yan mata a gidan da ba su yi aure ba. Da yawa sun gwammace su ɓoye shi har ya mutu. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya baki ɗaya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, kuma kullum ficewa suke yi zuwa ƙasashen waje. Duk tsarin da zai jira sai ƙwararren likita ya ga kowane tsoho, tsari ne da ba zai taɓa isa ƙauyenmu ba. Dole aikin ya sauko ƙasa, zuwa asibitin ƙaramar hukuma da na mazaɓa, kuma waɗannan a hannunka suke, ba a hannun Abuja ba.

Ba sabon abu nake roƙo ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 ka ɗaga Alƙur'ani ka rantse za ka kare kundin tsarin mulkin ƙasa. Sashe na 16 na kundin nan ya ambaci kula da tsofaffi da biyan fansho a cikin abubuwan da manufofin gwamnati za su fuskanta. Sashe na 17 ya ce a samar da isassun wuraren kiwon lafiya ga kowa, ya kuma ce a kare yara da matasa da tsofaffi daga wofintarwa. Watanni kaɗan kafin ka hau, a Janairun 2023, shugaban ƙasa na lokacin Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da muka gada daga Turawa. Sabuwar dokar ta tsaya kan mutuncin majinyaci da kuma kawo kulawa kusa da jama'a. Akwai dokar cibiyar kula da dattawa ta ƙasa ta 2017, akwai manufar ƙasa kan tsufa ta 2021. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta lissafa tsofaffi a cikin masu rauni da za a ɗauki nauyinsu. Ina tambayarka, wanne daga cikin waɗannan ne ya iso ɗakin da mahaifina ke kwance? Ina ofishin da ke bibiyar lamarin tsofaffi a jihar nan, wa ke riƙe da shi, nawa aka ware masa? Idan akwai shi, me ya sa mu da ke cikin jinyar ba mu taɓa jin ɗuriyarsa ba?

Ba zan ƙi faɗin abin da na gani ba. Ka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 75,000 a 2024, ma'aikata sun shaida. Titunan Birnin Kebbi sun canza. An yi gyare-gyare a asibitoci. Allah ya saka. Amma gini ba ya auna jini, fenti ba ya yi wa tsoho tambaya. Kuma kai da kanka ka san gyaran bai kai ko'ina ba. A watan Satumba na 2025 duniya ta ga bidiyon majinyaci kwance bisa ƙarfen gado babu katifa a asibitin Kangiwa. Aka tsare wanda ya ɗauki bidiyon, aka dakatar da kwamishinan lafiya. Wancan majinyaci aƙalla an samu wanda ya nuna halin da yake ciki. Waɗanda nake magana a kansu ba su da bakin da za su kai ƙara, ba su ma san an zalunce su ba, kuma 'ya'yansu kunya ba za ta bari su ɗauke su a waya ba. Idan sai abin ya bazu a Facebook gwamnati za ta motsa, to waɗannan ba za a taɓa motsawa dominsu ba.

Abin da nake nema mai yiwuwa ne, kuma ba ya buƙatar sabon asibiti. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorar da ake kira mhGAP, wadda aka tsara musamman don ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba, irin nas-nas da ma'aikatan lafiya na karkara, kuma akwai babi guda a cikinta kan wannan cuta: yadda ake gane ta, abin da ake fara kawarwa, abin da ake faɗa wa iyali, lokacin da ake tura majinyaci gaba. An yi aiki da ita a Najeriya, har a Borno cikin tsakiyar rikici. Horon na 'yan kwanaki ne. Muna da kwalejin koyon aikin jinya a Birnin Kebbi, muna da ta kimiyyar lafiya a Jega. Me zai hana a horar da mutum biyu daga kowane babban asibiti na ƙananan hukumomi 21, a ware rana ɗaya a mako ta zama ranar tsofaffi, wadda ba za su yi gogayya da matasa a layi ba? Me zai hana a yi yarjejeniya da likitocin asibitin koyarwa na tarayya da ke Birnin Kebbi da na Kware, su riƙa zagayawa Argungu da Yauri da Zuru lokaci-lokaci, maimakon tsofaffi ɗari su bi su da mota? Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiya ta musamman ta tsofaffi tun 2012. Ban ce a gina mana irinta gobe ba. Na ce a ba mu ɗaki ɗaya da ma'aikaci ɗaya da ya san abin da yake yi.

Kuma ka duba hawan jini, don a nan ne riba take. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya ce a 2024 kusan kashi 45 cikin 100 na masu wannan cuta da za a iya hana ta kama su ko a jinkirta ta idan aka magance abubuwa 14, cikinsu har da hawan jini, ciwon suga, shan taba, raunin ji, raunin gani da ƙarancin ilimi. Mazaɓu 225 gare mu a Kebbi. Idan kowane ƙaramin asibitin mazaɓa yana da na'urar auna jini mai aiki, da tsinken gwajin suga, da maganin hawan jini mai araha da ba ya yankewa, to an fara yaƙi da gigin tsufa tun mutum yana ɗan shekara 45, yana noman shinkafarsa a fadama. Kuɗin wannan ma akwai hanyarsa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, kuma jihohi na karɓa. Hukumar KECHEMA, wato hukumar inshorar lafiya ta jiha, tana nan. A sa tsofaffi marasa galihu a cikinta kai tsaye, a bi su gida a yi musu rajista, kada a jira wanda ya manta sunansa ya zo ya cike fom. Shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Abuja a 2001 cewa kashi 15 cikin 100 na kasafi zai tafi lafiya. Ba adadin da ke rubuce ne damuwata ba, abin da aka saki ya isa asibiti shi ne.

Mun taɓa yin irin wannan aiki, ranka shi daɗe. Lokacin shan inna, babu zauren da masu ɗiga ba su yi sallama ba, da taimakon masu unguwanni da hakimai da limamai, kuma Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu yana cikin waɗanda suka ja ragamar sarakunan Arewa a kan lamarin, har aka wanke Najeriya a 2020. Mutanen nan suna nan, sun san kowane gida. Su ne za su iya gaya wa jama'a cewa tsohuwar da ke yawo da dare tana kiran sunan matattu ba mayya ba ce, mara lafiya ce. Wannan magana ba ƙarama ba ce. A sassa da dama na ƙasar nan an daki tsofaffi mata, an kore su, wasu an kashe su bisa zargin maita, don kawai an tsince su a inda ba su san yadda suka je ba, an tambaye su sun amsa abin da ba su fahimta ba. Yanzu kuma ga halin tsaro. Dattijon da aka gani a bayan gari da magariba, ya kasa faɗin daga ina yake, a garin da ke zaman ɗar-ɗar, ka san abin da zai iya faruwa da shi kafin a gane ko wane ne. Gidan rediyon jiha na iya yin wannan wayar da kai kyauta. Ranar 21 ga Satumba ta kowace shekara ce ranar wannan cuta a duniya, a fara daga nan.

Sai matan da ke ɗauke da nauyin. A duniya kusan kashi 70 cikin 100 na lokacin da ake ɓatawa wajen wannan jinya mata ne ke bayar da shi, a wurinmu kuwa ina ganin ya fi haka. Matar ɗa ce ke wanke kashi da fitsari, ita ce ake zagi, ita ce ake zargi da sata, ita ce dangin miji za su ce ba ta kula da shi idan ya rame. Wata ta bar sana'arta ta ƙuli-ƙuli, wata aurenta ya mutu a kan haka, wata an cire 'yarta daga makaranta don ta riƙa tsaron kaka. Kai da ka san darajar aji, ka ƙirga wannan yarinya cikin waɗanda cutar ta kama. Allah ya faɗa a Suratun Nahli cewa daga cikinmu akwai wanda ake mayarwa zuwa mafi raunin shekaru har ya zama bai san komai ba bayan ya sani, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi tsari daga kaiwa ga wannan hali. A Suratul Isra'i kuma an hana mu ko da nuna ƙosawa ga iyaye idan tsufa ya riske su a wurinmu. Mun karɓi wannan umarni hannu bibbiyu, ba mu neman gidan ajiye tsofaffi, ba mu son kowa ya raba mu da iyayenmu. Amma wanda ya yi dare bayan dare bai runtsa ba, babu mai karɓarsa, babu mai gaya masa abin da ke faruwa, ana ɗora masa jarrabawar da shugaba ke da ikon sassauta masa. Don Allah, Kaura, ka taimake mu mu cika wannan umarni. Ba ma so mu tashi gaban Allah da hakkin tsawar da muka yi wa iyayenmu saboda gajiya da rashin sani.

Akwai maganar tantance 'yan fansho, inda ake buƙatar tsoho ya zo da kansa ya faɗi lambar fayil da ranar da ya kama aiki. Wanda ke cikin wannan hali a bi shi gida, ko a karɓi takardar likita. Akwai maganar bankuna da lambar sirri ta kati, da 'yan uwan da ke sa wa tsoho hannu a takardar gona bai san me ya sa wa hannu ba. Akwai aikin yanar ido da na'urar ƙara ji. Kowanne na son wasiƙarsa, ba zan cika ka da su yau ba.

Abu biyu zan sa wa ido. Idan ka miƙa kasafin kuɗin baɗi ga majalisar dokokin jiha, zan nemi kwafinsa, in buɗe shafin ma'aikatar lafiya, in duba ko akwai layi ɗaya da aka rubuta don horar da ma'aikata kan kula da tsofaffi da masu ciwon mantuwa, da adadin kuɗi a gabansa. Ina roƙonka in same shi. Na biyun ba ya jiran kasafi. Umarni ne daga ofishinka zuwa ga shugabannin asibitocin jiha cewa daga yau kada a sallami tsohon da aka kawo a ruɗe sai an auna jininsa da sugansa da zafin jikinsa, an duba fitsarinsa, an tambayi magungunan da yake sha, an kuma zauna da wanda ya kawo shi an yi masa bayani. Takarda ɗaya ce da sa hannunka, kuma kana iya yin ta a wannan makon.

Wassalam.

Ɗan wani tsohon hedimasta,
daga kudancin jihar Kebbi.